Aikin da Na Ce Ta Ɓoye

Na daɗe ina sayar da kwamfutoci na hannu a Zongon Kumasi, na kuma ga abubuwa iri-iri, amma akwai wani dogon hutun ɗalibai da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Shawara na bayar a kan abin da ban sani ba, ta kusa raba wata yarinya da aikinta.

Wani malamin lissafi na jami'a, wanda ya saba sayen kaya a wurina, ya zo shago wata rana bayan la'asar. Ya ce akwai wata manhajar lissafi da mutane daga ƙasashe daban-daban suke ginawa tare. Kyauta ce, kowa na iya ɗauka, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Yana so ya tara ɗalibai takwas su yi wata uku, kowanne yana ƙara mata wani ɓangare, kuma kowane ɗalibi za a haɗa shi da jagora daga cikin masu ginin, wanda zai riƙa duba aikinsa ta intanet. Abin da ya rasa shi ne ɗaki da injina da wanda zai tsaya a kan yaran.

"Alhaji, kana da ɗakin sama, kana da janareto, kuma yara na shakkarka."

Na ce, "Malam, lissafina bai wuce na kasuwa ba."

"Lissafin bar mana shi. Tsari nake nema a wurinka."

Na yarda. Na share ɗakin, na jera tebura, na fitar da kwamfutoci takwas masu lafiya. Na rubuta lokacin zuwa da na tashi, da ranar da kowa zai yi magana da jagoransa, na manna a ƙofa. Doka ɗaya ce daga wajen jagororin: duk Alhamis kowa ya ɗora abin da ya rubuta a shafin da duniya ke gani, ko ya gama ko bai gama ba. A tsakiyar wa'adin za a zauna a duba. Wanda ba a ga aikinsa ba, a cire shi a ba wani gurbinsa, domin akwai masu jira.

A cikinsu akwai 'yar maƙwabciyata mai sayar da wake da shinkafa a bakin layinmu. Tun tana goye na san ta, Kawu take ce mini. Aikinta shi ne ta sa manhajar ta riƙa nuna matakan warware lissafi ɗaya bayan ɗaya, maimakon ta ba da amsa kawai. Ita ke fara zuwa, ita ke ƙarshen tashi.

A mako na biyu ta sauko shago ranta a ɓace. Wai wani ɗan unguwar Tafo da ke cikinsu ya kwashi wani yanki na abin da ta ɗora ya saka a nasa aikin.

"Kawu, kwana huɗu na yi a kansa. Shi ko minti goma bai yi ba."

Wannan ciwon na san shi. Lokacin da nake fara kasuwa na taɓa nuna wa wani aboki inda nake sarin kaya, bayan wata guda ya buɗe shago a gabana da irin kayana. Tun daga ranar ko ɗan'uwana ba ya sanin hanyar kayana sai sun sauka. Sai na ce mata, "Ki daina bajewa. Ki yi aikinki a injinki, ki rufe. Ranar dubawa ki fito da shi gaba ɗaya, kowa ya san mai shi."

"To dokar Alhamis fa?"

"Ki ɗora ɗan abin da ba zai amfani kowa ba. Ainihin ki riƙe."

Ta ce yoo, wato to, ta koma sama. Ni kuwa na ji daɗin kaina, a ganina na koya wa yarinya zaman duniya. Jagorarta, wata dattijuwa a wata ƙasa mai sanyi, ta yi ta tambayar ina aikin, yarinyar tana cewa yana tafe. Malamin ya tambaye ni sau biyu, na ce masa ba wanda ya kai ta ƙwazo. Ban yi ƙarya ba, amma zama a kujera kawai nake dubawa.

Ranar dubawa muka taru bayan azahar, aka kunna babban allo, dattijuwar ta bayyana da rigar sanyi mu kuma muna gumi. Yarinyar ta ɗora aikin mako huɗu a lokaci ɗaya, ta danna. Bai tashi ba. Ta sake dannawa, allo ya cika da jan rubutu. Dattijuwar ta ɗan karanta, sannan ta yi bayani a hankali. Ashe ɓangaren manhajar da yarinyar ta ɗora gininta a kai an canja shi tun makonni uku da suka wuce. Duk wanda aikinsa ke fili an gaya masa a lokacin, ya gyara cikin yini ɗaya. Ita ba wanda ya ga nata, balle ya gaya mata.

"Me ya sa ba ki nuna mini ba?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ba ta kalle ni ba, kuma na tabbata da za a kwana ana tambaya ba za ta ambaci sunana ba. Malamin ya riga ya buɗe takardar masu jira.

Na miƙe na tsaya inda matar za ta gan ni. Da Turancina na kasuwa na ce ni na sa ta, ni na ce ta ɓoye don kada a sace. Malamin ya juyo ya dube ni, ya buɗe aikin ɗan Tafon nan, ya nuna mini da yatsa. A saman yankin da ya ɗauka ga sunan yarinyar a rubuce, shi da kansa ya sa.

Yaron ya ce mini, "Masta, ai haka ake yi. Ita ma ta ɗauki nawa in tana so."

Dattijuwar ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni abin da nake sayarwa, na faɗa mata. Ta ce, "Kai in an ɗauki kwamfutarka ka rasa ta. Mu in an ɗauki namu yana nan, sai ma mu samu mai taya mu ganin kuskure." Daga nan ta ce za ta ba da kwana goma, da sharaɗin kullum a ɗora aikin ranar komai muninsa.

Fiye da rabin abin da yarinyar ta rubuta sai zubarwa aka yi. Ta fara ɗorawa ɗanye, da kurakurai. A kwana na uku wani mutum da ba wanda ya san shi a cikinmu, daga wata ƙasa can, ya rubuto ya nuna mata layin da ke hana aikin tashi. A kwana na tara aka karɓi yanki na farko. Ba a cire ta ba, amma ba ta kai inda ta yi niyya ba. Matakan lissafi mai sauƙi kaɗai ta gama, mai wuyar wani ɗalibi ne ya ƙarasa daga baya.

Ta yi kusan wata tana gaishe ni gaisuwar dole. Uwarta kuwa ba ta ɓoye ba. Na je sayen abinci da safe, tana zuba mini tana cewa, "Alhaji, kai dai sayar da injin, abin da ke ciki ka bar wa masu shi." Na karɓi kwanona na tafi, na san gaskiya ta faɗa.

Mun sake yin shirin sau biyu bayan wannan. Har yanzu ba na gaya wa kowa inda nake sarin kaya, kuma ban ga dalilin canjawa ba. Abin da na koya shi ne dabarar da ta tsare ni a sana'ata ba dole ta tsare wani a tasa ba, kuma yaro mai ganin girmanka zai bi maganarka ko da ta saɓa wa ta malaminsa. Shi ya sa yanzu in ƙarami ya kawo mini kuka a kan aikin da ba nawa ba, kafin in buɗe baki nakan tambayi yadda masu aikin suke yi.