Tukwanen Tokar Yaya Shatu

Da an sallame asuba, Yaya Shatu tana ɗakin girki tana laluba bakin tukwanenta bakwai, ko ɓera ya yi ɓarna. Kada ku yi kwaɗayi, ba nama ba ne. Irin gero ne cakuɗe da toka don ƙwari, an liƙe baki da laka.

Ga wanda bai san Kukar Mati ba, ƙauye ne a ƙasar Sandamu. Kakanmu Mati ya taso daga Zango da jaki da damin gero ɗaya, ya sari daji a gindin kuka. Maza sun ce fari ne ya koro shi. Kakata ta ce surukarsa ce. Jikokin damin nan su ne a tukwanen Shatu. Duk lokacin kaka sai ta bi gona tana zaɓen zangarniya mai kauri, mu kuwa muna tsokanarta: "Yaya, yau ma tuwon toka za a yi?"

Shekara uku bayan shigowar shari'a, mazan garin nan suka yi gaggawa. Suka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, suka zuba irinsu kaf. Aka yi yayyafi, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Da ruwan gaske ya sauka, rumbu wayam, babu abin shukawa. Sai ga Ja'afaru, wanda ya fi kowa yi wa Shatu tsiya, a zaurenta yana murza hula.

"Iya, yara takwas gare ni."

"Na sani, ni na yanke cibiyar biyar. Miƙo hular."

Ta fasa laka, ta cika masa. Gida talatin da ɗaya suka yi shuka daga tukwanen nan. Ni shaida ce, ta katanga nake leƙe. Abin da ban taɓa fesawa ba, duk da bakin nan nawa: a watan nan tafasa da rama take kwana da su, ga gero a gefenta, ko ƙwaya ba ta kai turmi ba.

Yaya, ke ce rumbun da ba a sa wa kwaɗo. Yanzu ido ya gaza, kin miƙa wa Ikilima matar jikanki aikin. Mun gode. Allah ya saka miki da Aljanna, amma ba yanzu ba, akwai labarin gidan maƙwabciyarmu Barakatu da ban ƙarasa miki ba.

Ku kuma 'yan matan yanzu, ku je ku durƙusa gaban Yaya Shatu ku koya, tun yatsunta na iya bambance iri mai rai da matacce.