Gilashin da Na Sauke a Tudun Wada

Bebeji, ƙarfe biyar da rabi

Ni ba mai yawo ba ce, duk unguwarmu sun sani. Amma ran Talatar nan, ana idar da sallar asuba, ina bayan motar ƙanena Ɗanladi da kwanon dambu a cinya. Doguwa za mu. Autata Bilkisu ce ta haihu a can, naƙuda ta zo mata kafin mu ɗauko ta goyon ciki. An yi suna, za mu kawo ta gida wanka.

Jaririyar zabiya ce. Malamar asibiti ta ja musu kunne kada rana ta taɓa ta, ko ta cikin gilashin mota, fatar ƙonewa za ta yi. Shi ya sa ran Litinin Ɗanladi ya kai motar aka liƙa wa gilasanta wata leda mai tare zafin rana.

"Yaya, abu ɗaya nake roƙon ki," in ji shi. "Mai ledar ya ce kwana uku ba a sauke gilashi sai ta kama. Kowa kika gani, ɗaga masa hannu kawai."

"Kai Ɗanladi, ni yarinya ce?"

"A'a. Mai gaisuwa ce dai."

Kwanar Dangora, shida da kwata

Nan muka sha koko da ƙosai mai zafi, muka kama hanyar kudu. Kaɗan da fita gari sai shinge. Wani ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashi. Maimakon ya sauke, Ɗanladi ya buɗe ƙofa ya fita gaba ɗaya, ya yi masa bayani. Mutumin ya leƙo. "Ai wannan ba baƙin gilashi ba ne, ga Mama nan ina gani har da goronta. Allah ya raya jika." Na ɗaga masa hannu, bakina na ƙaiƙayi.

Tudun Wada, bakwai da rabi

A bakin kasuwa motoci suka cushe, muka tsaya cak. Ina waigawa sai ga Hajara, ƙawata ta ƙuruciya, da ƙwarya a ka, dab da tagata. Mijinta ya rasu bara, ban samu na je mata ba. To ku faɗa mini, ana yin ta'aziyya da ɗaga hannu? Wallahi ban san lokacin da na murɗa hannun gilashin ba. Sai na ji ƙiii, kamar an yage tsohon zani.

Muka yi kuka ni da Hajara, muka yi addu'a. Da na mayar da gilashin, rabin ledar ya naɗe kamar tabarma. Ɗanladi ya sauka ya daddanna da babban yatsa, ta ƙi. Ya ɓare ta ya jefa ƙarƙashin kujera.

"Yaya, an gama gaisawar?"

Daga nan har muka ratsa dajin Falgore ko hannu ban sake ɗaga wa kowa ba. Wanda ya san ni ya san abin ya kai.

Doguwa, tara da minti ashirin

Surukan Bilkisu Fulani ne masu noma, a gefen gari suke. Inna Dije, uwar mijin, ta tare mu da fura da nono mai kauri, sannan tuwon masara miyar kuka. Aka miƙo mini yarinyar, fara sol, gashinta kamar zaren masara. Na ce, "Ke ce kika fito da ni daga ɗaki, ko?"

Mun so juyowa da hantsi, amma tsohon gidan ya ce jikarsa ba za ta fita ba sai an yi azahar ya yi mata addu'a. Ba a musu da wannan. Kafin mu shiga mota biyu da rabi ta yi, rana ta juya yamma, daidai tagar da na ɓata.

Na ce a rataya zani. Ɗanladi ya girgiza kai. "Mota mai labule a Falgore? Sai an sauke kowa an duba. Kin ga kuwa an fito da ita rana."

"To ni ce labulen," na ce.

Bilkisu ta koma ɓangaren da ledar take lafiya, da jaririya a ƙirji. Ni kuma na juya baya na toshe tagar, na baza mayafi a kafaɗa. Inna Dije ta yi dariya har da hawaye, tana ta "Miyetti, miyetti," wato godiya.

Hanyar gida

Awa uku da wani abu ina zaune a karkace. Bayana kamar an ɗora mini dutsen guga. Na miƙa hannu na taɓa gilashin Bilkisu, ɗumi-ɗumi kawai. Abin nan dai gaskiya ne!

"Inna, mu yi canji mana," in ji Bilkisu.

"Mai jego? Rufa mini baki ki ba ta nono."

A Tudun Wada wata mai awara ta yi ta ɗago mini hannu. Da ƙafa na gaishe ta, don ita kaɗai ce ba ta da aiki.

Bebeji, shida saura kwata

Muna shiga ɗaki na kwance zanin goyon na duba ta tas, kumatu, kunnuwa, tafin ƙafa. Ko ɗigon ja babu. Barcinta take yi. Sai a lokacin na zauna daɓas ina hamdala.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa mai ledar da ban taɓa ganin fuskarsa ba, da ɗan sandan da ya yi mana addu'a, da Inna Dije. Ɗanladi kuwa ko sau ɗaya bai yi mini faɗa ba. Washegari ya sa aka sake liƙa ledar, ya shigo gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye mini wani abu a kan tabarma. Na duba, hannun gilashin ne, ya kwance shi.

"Ajiye a wajenki, Yaya. In Hajara ta sake ɓullowa, ƙofa za ki buɗe."