Zuwa Riyad Neman Katin Zaɓe

Ana sallame sallar asuba muka bar gonar da muke aiki a bayan Buraida, mu uku a gaban motar kankana. Direban mutumin Maraɗi ne, kasuwar Aziziya zai kai kaya, ya ce mu shigo ya rage mana hanya. Na biyu wani dattijo ne ɗan ƙasar Haɗeja, shi ke kiwon raƙuman kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki. Ya shigo Saudiyya da baƙin gashi, yanzu kansa fari fat. Sai ni.

Abin da ya fito da mu wani saƙon murya ne da ya yi ta yawo a wayoyinmu, wai an fara yi wa 'yan Najeriya mazauna waje rajistar zaɓe a ofishin jakadanci. A makon ne kuma 'yata ta fari ta turo min hoton katinta, ta cika sha takwas. Tana firamare na baro ta. Na ce a raina, ko ba komai ranar zaɓe ni da ita mu yi abu ɗaya a rana ɗaya. Shi kuwa dattijo cewa ya yi bai taɓa dangwala wa kowa ba, yana so ya yi ko sau ɗaya kafin ƙasa ta rufe masa ido. Kafil ya ba mu yini guda bayan doguwar magiya.

Hanyar Riyad shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami ko ɗaya, har ta kan sa mutum gyangyaɗi. Dama da hagu jan yashi, sai jefi-jefi ka hango koren gona zagaye kamar faifai. Mun tsaya a wani gidan mai muka karya da gurasar tamis da ful, da shayin riyal ɗaya. Dattijo ya kai loma, ya girgiza kai, ya ce wannan wake ne da bai samu tarbiyya ba, da a gida ne da tuni ya zama ƙosai. Gab da shiga gari muka tarar da shingen jami'an tsaro. Kafin a ce komai kowa ya zaro iƙamarsa, wato katin izinin zama. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda hannu ke tafiya aljihu da kansa.

Aziziya kuwa sai wanda ya gani. Tumatir da albasa tsibi-tsibi, 'yan dako na ihun "Yalla! Yalla!", Hausar Damagaram na tashi daga nan, Larabcin Sudan daga can. A nan muka bar direba muka hau jirgin metro zuwa Batha. Da na gaya wa dattijo jirgin ba shi da matuƙi, sai ya damƙe ƙarfe da hannu biyu yana salati har muka sauka. Daga nan tasi ta kai mu unguwar jakadu, inda itatuwa suka yi layi, ko'ina tsit. Ina hango tutarmu sai na tsaya ina kallonta. A gida ban taɓa ɗaga kai na kalle ta ba.

Mun samu mutane da dama, yawanci masu sabunta fasfo, amma akwai irinmu da saƙon ya kwaso. Wani jami'i matashi ya fito ya yi mana bayani cikin mutunci: labarin ba gaskiya ba ne, doka ba ta ba mazauna waje dama ba tukuna, mai son kati sai ya je gida a ɗauki hotonsa da yatsunsa.

Dattijo bai motsa ba. Ya ce, "Yallaɓai, to ko sunana ne a rubuta, a san na zo."

Jami'in ya ce, "Baba, wallahi da da hali da na yi. Daga wane gari kake?"

Da ya faɗi sunan ƙauyensu sai jami'in ya jawo kujera ya zauna, ashe shi ma kakarsa 'yar gefen ce. Dattijo ya shiga jero tambayoyi. Har yanzu da kwale-kwale ake ƙetarewa? A'a, an yi gada. Kasuwar kifi ta bakin kogi fa? Ta koma bakin titi. Tsamiyar ƙofar masallacin Juma'a? Ambaliya ta kayar da ita tuntuni. Dattijo ya shiga murza hularsa. Can ya ce, "Kullum muna waya, amma ba wanda ya gaya min." Jami'in ya rako mu har ƙofa.

A Ulaisha muka tsaya cin abinci, a wani gida cikin lungu inda wata Hajiya ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Kuɗin kwano ɗaya zai sayi kwano biyu na kabsa, shinkafar Larabawa, amma ba wanda ya yi ciniki. Ina cikin ci 'yata ta kira. "Abba, an ba ka?" Na ce ba a fara ba tukuna. Ta yi dariya ta ce kada na damu, in na gaya mata wanda nake so za ta duba, amma ba ta yi alkawari ba. Na yi dariyar ni ma, sai dai ban iya ƙarasa tuwon ba.

Da la'asar muka koma wajen direba, motar ta zama fanko sai ƙara take. Ya buɗe baki zai tsokane mu, ya dubi fuskar dattijo, ya fasa. Da muka yi nisa sosai sai dattijo ya juyo gare ni. Ya ce da zarar raƙuman sun gama haihuwa zai nemi kafil ya sallame shi baki ɗaya. Na ce, "Baba, saboda katin?" Ya ce, "Katin ma. Amma ina so in je tun da sauran wanda zai gane ni."

Mun iso gona bayan sallar isha'i, hannu rabbana. Ga 'yan'uwa masu bibiyata, darasi na farko shi ne kada ku kashe yininku a kan saƙon murya, ku kira ku tambaya tukuna. Na biyun ya fi nauyi. Mu da ke waje muna zaton garin da muka baro yana nan tsaye yana jiranmu, alhali shi ma tafiya yake yi. Shi dattijo ya yanke tasa shawarar. Ni kuwa gobe da safe akwai ban-ruwa.