Mai Keke, Wanda Kotu Ta Wanke

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin, wanda kowa ya sani da Mai Keke, a shekarar 1956 a wani gidan haya da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa birkila ne, mahaifiyarsa ungozoma. Ya kammala firamare a 1969, sannan ya koyi gyaran inji.

Aiki da aure

A 1975 masaƙar garin ta ɗauke shi aiki, a 1981 kuma ya auri 'yar telan unguwarsu. Tun shekararsa ta farko a masaƙa ya sayi baƙin keke, wanda bai taɓa sa wa kwaɗo ba. Duk wanda ya nemi aro, amsarsa ɗaya ce: "Ɗauka, amma birkin baya sai da addu'a." Ba ya tambayar inda za a je. Matarsa takan ce, "Malam, kai ka saya, gari ke hawa."

Shari'a

A 1994 aka kama ma'aikata biyu da yadin masaƙa ɗaure a bayan keken, aka gurfanar da shi tare da su bisa tuhumar haɗa baki da sata. Hujjar masu ƙara ita ce keken nasa ne, kuma kwano ɗaya suke ci da rana. An ba shi shawarar ya amsa laifi a sassauta masa, ya ƙi, ya ce, "In na amsa, me 'ya'yana za su gada?" Ya zauna a tsare, matarsa tana ɗinki tana riƙe gida.

A 1996 alƙali ya bayyana cewa haɗa baki ba ya tabbata sai an nuna yarjejeniya, sata kuma sai an nuna ɗauka da niyya, ba tare da kokwanto ba. Ya ce, "Da aron keke hujja ne, da rabin masaƙa na gabana." Ya wanke shi.

Shekarun ƙarshe

Masaƙa ba ta mayar da shi ba, kuma an daɗe ana kiran 'ya'yansa 'ya'yan ɓarawo. Ya buɗe rumfar faci, ya karɓo kekensa daga kotu, ya ci gaba da ba da aro.

Rasuwa

Ya rasu a 2019 bayan gajeruwar jinya, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: direba, malamar asibiti, da autarsa lauya, wadda ta fara tafiya yana tsare, ita ce ta rubuta wannan tarihi. Keken na nan jingine a ƙofar gida, har yau babu kwaɗo.