Ƙwaya Ɗaya Mai Ɗumi

Jiya a kasuwar Dutsin-Ma wata mai kayan ado ta miƙo mini jan dutsen wuya, ban san lokacin da na kanga shi a kumatuna ba. Matar ta bi ni da kallo. Ai dole, ba ta san Kakarmu ba.

A gidanmu na Birchi, Kaka tana da tsakiya, jajayen duwatsun wuya guda bakwai a zare ɗaya. Kakanta ne ya taho da su daga gabas, shekarar da ya je Makka a ƙasa. Launinsu kamar hanta, da siririn farin zane a ciki. In ka ɗaga su a rana sai ka ga haske na ratsa su. Idon Kaka ya riga ya tafi, da kumatu take gane su. "Dutsen gaske sanyi gare shi," in ji ta, "ko da bazara."

Ranar wani suna na saci jiki na rataya su, don ƙawayena su gani. A bakin rijiya zaren ya tsinke. Wayyo Allah! Shida na tsince cikin taɓo, ta bakwai kuwa da kunnena na ji faɗawarta ruwa. Na ciro jar ƙwayar roba daga jigidata, na zura a tsakaninsu, na mayar.

Duk Juma'a Kaka take ɗauko su. Kwana huɗu na kasa cin tuwo, har Inna ta ba ni jiƙo, wai ciwon shawara ne. Ba duka nake tsoro ba. Ni ce idon Kaka, ni ke jan ta unguwa, ba wanda ta yarda da shi kamata.

Juma'a ta zo. Ina gefen tabarma, Kaka tana bin su ɗaya-ɗaya da kumatu. Da ta zo kan ta huɗu sai ta tsaya. Ta daɗe. Can ta ce, "Ƙawata, ɗebo mini ruwa." Shi ke nan. Har ta rasu ba ta tayar da maganar ba, ni kuma kullum sai in ce gobe zan faɗa.

Ni ta bar wa tsakiyar, da robar a ciki. Yanzu kasuwa ta cika da roba mai ƙyalli, ba mai neman sanyi. Makon jiya ƙaramar ɗiyata ta kanga duwatsun Kaka a kumatu yadda ta ga ina yi, ta ce, "Mama, mi ya sa wannan ke da ɗumi?" Na zaunar da ita, na faɗa mata abin da ban faɗa wa Kaka ba.