Sabon Jaki, Sabuwar Giya

A gidan Kaka Laraba da ke Bomo ba a kashe wuta don an sauke tuwo. Sai ta janye itacen baya kaɗan, ta tura dankali cikin toka, mu kuma mu matso da tabarma. Mu ɗin ba mu da yawa. Ni ce, sai 'ya'yan maƙwabta, su ma da an ƙwala musu kira daga bayan danga sai su tashi su bar ni da ita. An kawo ni wurinta ne ina 'yar ƙarama don ta samu mai amsa mata magana, tunda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma duk sun watse. Babana yana aikin jirgin ƙasa a Sabon Gari, sai ranar Lahadi bayan an taso daga sujada yake leƙo mu.

Daga inda muke zaune ana hango fitilun jami'a ta wajen Samaru. Na taɓa ce mata ina ma a can muke. Ta kalli hasken, ta ce wutar tasu ba ta gasa dankali.

In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zo ta zauna." Akwai wadda ta fi yawan ba ni in mun rage mu biyu, ita ce ta mai tukwane da jakinta.

Wai an yi wata mata mai ginin tukwane, tana da baƙin jaki ana ce masa Duna. Sun daɗe tare har ba ta buƙatar sanda. In ta taɓa kunnensa na hagu ya san tafiya ce, in ta yi tari ya tsaya. Ran nan Duna ya kwanta bai tashi ba. Matar ta yi kukanta, ta je kasuwa ta sayo wani jakin, ja, matashi. Ta ɗora masa tukwane, ta taɓa kunnensa na hagu, ta ce, "Mu je, Duna." Jaki ya tsaya yana kallonta. Ta yi tari, ya zabura da gudu, tukwane suka farfashe. Kullum haka, tana duka yana turjewa.

Wata ranar kasuwa suka zo ƙetare rafi, an yi ruwa a gabas, rafin yana ta cikowa. Suna tsakiya jaki ya kafe. Ruwa ya kawo mata gwiwa, ya kawo ƙugu. Tana ja tana ihu, "Duna! Duna, za ka kashe ni!"

A nan Kaka takan sauke murya, ta yi irin ta jaki, a hankali kamar mai jin nauyin magana: "Baiwar Allah, ni ba Duna ba ne. Tun da kika saye ni kike magana da wanda ya mutu. Ni ko sau ɗaya ba ki yi min magana ba."

Matar ta saki igiya. Ta ce, "To kai yaya ake yi da kai?" Ya ce, "Ɗora hannunki a wuyana, ki yi shiru. In na shirya za ki ji." Ta ɗora, ta yi shiru, ruwa yana ta wucewa. Can ta ji wuyan ya motsa a ƙarƙashin tafinta, ta ɗaga ƙafa, suka haye tare.

"Nan tatsuniya ta gaji ta kwanta," in ji Kaka, tana tono dankali. Na ce, "Kaka, wane suna ta sa masa?" Ta ce, "Ke dai ci, Talatu. Ba a gaya min ba."

Na girma, na yi karatun koyarwa, na auri Malam Ishaya, muka zauna a Samaru. Shi ya koya min tuƙi a tsohuwar motarsa, irin mai giya a jikin sitiyari. Yakan zauna a gefena yana cewa, "Ɗago ƙafar, ɗago dai, wannan kulocin sai ya zo sama yake kamawa." Da ita na yi shekaru ina zuwa makarantar da nake koyarwa a Dogarawa. Bayan rasuwar Malam motar ma ba ta daɗe ba. Bakanike ya ce injin ya gama, a haƙura.

Auta, ɗanmu da ke aiki a Abuja, shi ya aiko min da wata. Ni na ce ya sayo mai giyar hannu, don ita na sani. Ashe ban san komai ba. Giyar wannan a ƙasa take, tsakanin kujeru. Duk lokacin da zan canza, sai hannuna ya tafi jikin sitiyari ya damƙi iska. In na tuna na kai shi ƙasa, sai idona ya faɗa kan kujerar da babu kowa. Kulocinta kuma tun daga ƙasa yake kamawa, ni kuwa ƙafata ta saba ɗagowa da sauri, sai motar ta yi tsalle ta mutu. Ribas ma ba inda na san shi yake ba. Ranar farko na sa giyar gaba ina zaton baya ce, na tura ƙyauren gidan har ya lanƙwashe.

Auta ya ji labarin ƙyauren a bakin maƙwabta. Ya bugo waya.

"Mama, ki bar wahalar nan. Ki ajiye aiki ki taho wurinmu. Ke kaɗai a gida, ga mota tana neman ji miki ciwo."

"Gidan fa?"

"A sa 'yan haya mana. Ɗalibai suna nema."

Na ce ya ba ni lokaci. Ban gaya masa cewa takalman babansa suna nan a bayan ƙofa ba, kuma ban ga yadda zan bar ɗalibai su kwashe su ba.

Ranar da abin ya kai maƙura, da rana ce tsaka, na taso daga makaranta na biya kasuwar Sabon Gari na sayi kayan miya. A Kwangila na tarar da cunkoso, na tsaya a daidai wani ɗan hawa, babbar mota a bayana. Hanya ta buɗe, na ɗago ƙafa, mota ta mutu. Na tayar, ta sake mutuwa, ta fara silalewa baya. Direban babbar motar ya danne hon bai ɗaga ba. 'Yan acaɓa suna ratsa ni hagu da dama. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, in ba ki iya ba ki ɗauki direba mana!"

Na ja birkin hannu. Sai na ji bakina yana cewa, "Malam, ta ƙi fa." Da ƙarfi na faɗa, har na juya gefe ina jiran amsa. Ledar tumatir ce a kan kujerar.

Hawaye ya zubo min, ban share ba. A cikin wannan hayaniya muryar Kaka ta dawo min, muryar jakin nan mai jin nauyin magana. Na ga wata uku ke nan ina tuƙa tsohuwar motar da ke wurin bakanike an cire mata tayoyi. Wannan da nake ciki ban taɓa sauraronta ba.

Na taka kuloci har ƙasa. Na kalli hannuna da idona na ɗora shi a kan giyar, na sa ta ɗaya. Na tayar da injin. Sannan na fara ɗago ƙafa kaɗan-kaɗan, ban kula da masu hon ba. Tun ƙafar ba ta yi nisa ba na ji sautin injin ya sauya, jikin motar ya ɗan yi rawa, gabanta ya ɗaga. Na ba ta wuta kaɗan, na sauke birkin hannu. Ta hau. Na sa ta biyu a kan hanyar Samaru, na sa ta uku, hannuna bai je sitiyari ba.

Ba a ranar na iya ba. Ta ci gaba da mutuwa min nan da can, har yau ma in na gaji hannuna yakan ɓata hanya. Amma na riƙa fita da ita da yamma ta hanyar Bomo, ni kaɗai, rediyo a kashe, ina hawa da sauka a giya har kunnena ya san lokacin da take so a canza.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana hana dukan dabba ne. Yanzu da na kai shekarun Kaka nakan ce wataƙila kanta take ba labarin, ni dai ina wurin ne kawai. Ta san yadda mutum yake tashi da safe ya ci gaba da magana da wanda ba ya nan, alhali ranar da ke gabansa tana tsaye tana jira a kula ta. Matar nan ba ta manta da Duna ba, ba a ce ta manta ba. Ta dai ƙetare ruwan.

Da Auta ya sake kira, ina zaune a cikin motar a ƙofar gida, na kashe injin, ban yi saurin shiga ba don babu mai jirana a ciki.

"Mama, yaya maganarmu? Na sa a gyara miki ɗaki."

"Ka bar ɗakin, Auta. Muna sabawa."

"Ku da wa?"

Na ɗora hannuna a kan giyar. Na ce, "Ni da ita."