Kaka da Baƙin Sama

Jiya jikana ya kunna wani tsohon fim a wayarsa. Da na ji jiniya da ihun mutanen Japan, sai na ajiye butar shayi na zauna.

Ina 'yar shekara tara Kawu ya zo gidanmu a Madina daga Yanbu, wani gari na bakin teku, da bidiyo da kaset ɗaya tak. Lokacin zafi ne, ruwan tulu ma ɗumi gare shi. Bayan la'asar muka cika ɗaki, ga ƙanshin gahawa ga warin zufa. A fim ɗin wasu halittu suka sauko daga sama cikin jirgi mai kama da faifai, suna feshin wuta, gidaje na zubewa, mutane na gudu da ƙunshin kaya. Kawu na ta nuna mana zaren da aka rataye jirgin da shi, wai gidajen ma na kwali ne.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta yi dariya ba. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa, shekara bakwai a hanya, don ta mutu a Madina a binne ta a maƙabartar Baƙi'a. Ko Makka sai an sha fama take zuwa, kada ajali ya same ta a waje. A wurinta duk abin da talabijin ya nuna labarai ne.

"Ina za a kai mutanen nan?" in ji ta.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Ya sitti, Kakata, kwashe su ake yi. Dodannin ma sun kusa Yanbu."

Ta damƙe hannun Baba. "In sun iso, wallahi kada ka ɗauke ni. Halas, magana ta ƙare, ka bar ni a ɗakina."

"Abadan, Iya," in ji Baba. Muka yi ta dariya.

Bayan shekara uku aka shafa jan fenti a bangayen unguwarmu, motocin rusau suka biyo baya. Aikin da Baba ya samu a Yanbu yake, kuma ba wanda za a bar wa Kaka. Ni na riƙe mata likkafaninta a mota. Wata biyar ta yi a Yanbu ta rasu. Baba ya nemi motar da za ta mayar da ita Madina, zafi ya hana jira, aka binne ta a can.

Yanzu otal ne a inda gidanmu yake, ko lungun ba na ganewa. Nakan tsaya a jikin katangar Baƙi'a in yi wa mutanen da ban sani ba sallama. Tawa Kakar tana Yanbu, kuma ban taɓa ce mata wasa nake yi ba.